Lissafi Cikin Wasa: Mu Zana Wa Babe Ruth Kati

Yau za mu leƙa Amurka, inda ake wasan ƙwallon gora da suke kira besbol. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo, wani kuma ya tare ta da gora. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda ƙwallo ta haura katangar fili. Mu kira shi bugun haure.

A 1927, Babe Ruth na ƙungiyar New York Yankees ya yi bugun haure sau 60. A rukunin gasar da yake bugawa, babu wata ƙungiya, ban da tasa, da 'yan wasanta gaba ɗaya suka kai wannan adadi a shekarar. Ruth ya rasu a 1948, amma har gobe yana buga wasa a kan tebur.

Ta yaya? A 1961, Hal Richman ya fito da wasan Strat-O-Matic, inda kowane ɗan wasa ke da katinsa, wanda aka tsara bisa alƙaluman abin da ya yi a fili. Ana jefa 'ya'yan ludo uku. Na farko ne ke zaɓen layi: in ya nuna 1 zuwa 3, a duba katin mai bugu, in 4 zuwa 6 ne, a duba na mai jifa. Sauran biyun a haɗa su, su ba da lamba daga 2 zuwa 12, sai a karanta abin da aka rubuta a gurbin.

To, mu zana wa Ruth kati da kanmu. Hanyoyin da 'ya'yan ludo uku za su iya faɗuwa 216 ne, wato 6 sau 6 sau 6. Rabi, 108, na katin mai bugu ne. A 1927 Ruth ya tsaya gaban mai jifa sau 691. Mu raba 60 da 691, mu ninka da 216, za mu samu kusan 19. Ke nan cikin hanyoyi 216, kimanin 19 ya kamata su zama bugun haure. Masu jifan zamanin kuwa, wajen sau ɗaya cikin ɗari ake yi musu irin wannan bugu, don haka katinsu hanya ɗaya kacal zai bayar. Sauran 18 ɗin dole su fito daga katin Ruth: 18 cikin 108, ɗaya bisa shida.

Ga inda ido ke yaudarar mutum. A ce an ba ku kati biyu. Na farko an rubuta bugun haure a gurbi huɗu: 2, 3, 11 da 12. Na biyu a gurbi ɗaya tak, wato 7. Wanne za ku ɗauka? Yawancinmu na farko za mu wawura. Amma 2 da 12 hanya ɗai-ɗai suke da ita, 3 da 11 bibbiyu, jimla shida. Ita kuwa 7 ita kaɗai hanyoyinta shida ne cikin 36. Ashe kunnen doki suka yi. Wanda ya ƙirga gurabe ya bar hanyoyi, makinsa zai zube in tambayar 'ya'yan ludo biyu ta fito a WAEC ko NECO.

Sai dai akwai abin da katin bai faɗa ba. A zamanin Ruth an hana baƙaƙen fata shiga manyan gasannin, sai a 1947 Jackie Robinson ya karya shingen. Ashe waɗannan 60 ɗin an yi su ne ba tare da an bar wasu gwanayen jifa sun gwada shi ba. Lissafinmu daidai ne, amma iyakarsa abin da aka ƙirga. Duk alƙalumman da aka miƙo muku, ku tambaya: su wa aka bari a waje?

Aikin gida: ku zaɓi lambobi daga 2 zuwa 12 waɗanda hanyoyinsu za su haɗu su ba da 18 cif. Amsar ta fi ɗaya, ku nemo aƙalla biyu. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.