Darasin Adamu Mayaki ga Mutanen Kurfai

Adamu Mayaki, haifaffen Filinge a 1919, ya shiga majalisar dokoki a 1952 ƙarƙashin tutar UNIS. Ya yi minista a gwamnatin Jibo Bakari, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kuma ya bi Diori Hamani, har ya zama ministan harkokin waje a 1963. Shi ya ɗaukaka, amma ƙuri'ar talaka ta faɗi: an haramta Sawaba a 1959, zaɓukan 1965 da 1970 kuwa jerin sunaye ɗaya tak aka gabatar. Wakilin da ba a iya kayarwa, ba a iya tuhumarsa. Ƴan kasuwar Balleyara da ma'aikatan Filinge su riƙe wannan duk ran da akwatin zaɓe ya dawo.