Gubar dalma: Ɓarnar da ke farawa daga cikin jini

A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta Medecins Sans Frontieres, wato MSF, ta gano cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara.

Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. A 2015 kuma aka sake samun irin wannan annoba a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Suma da jijjiga su ne alamun da iyaye suka fi gani, to amma kafin a kai ga haka gubar ta daɗe tana ɓarna a cikin jini.

Yadda take aiki

Kusan duk dalmar da ke yawo a jini tana maƙalewa ne a jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kai iskar oksijin ga sassan jiki.

A cikin ɓargo ake ƙera waɗannan ƙwayoyi, tare da sinadarin hemogulobin mai ɗaukar iskar. Dalma kan toshe matakai biyu na wannan aiki: ɗaya a farkonsa, ɗaya kuma a ƙarshe, inda ake saka sinadarin ƙarfe.

Haka kuma tana raunana fatar ƙwayar, ta yadda takan fashe kafin ta cika kwanaki 120 da ta saba yi. Sakamakon shi ne ƙarancin jini: yaro ya ɗashe, ya riƙa kasala.

A nan matsalar take, domin kuwa alamun sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Sai an gwada jini ake bambancewa. Bugu da ƙari, hanjin yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ya fi tsotsar dalma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Magani da rigakafi

Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, sai dai ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasa mai guba. Dalili ke nan da ya sa jinyar yaran Bagega ta jira har 2013, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin.

MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022. A watan Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Zamfara tun 2019, yayin da farashin zinare ya haura dala 4,000 kan kowace oza a 2025.

Da wuya talaka ya bar sana'ar da ke kawo irin wannan kuɗi. Saboda haka abin da zai kare yara shi ne fitar da niƙan dutse daga gidaje, da jiƙa shi don rage ƙura, da kuma gwajin jini a asibitocin karkara tun kafin gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, inda illarta ba ta warkewa.