Kafin ka saya wa Baba na'urar tausar ƙafa a intanet

Ka rubuta "ciwon suga" sau ɗaya a Google, ko ka tsaya kan bidiyon lafiya guda a TikTok, ka ga yadda talla za ta bi ka har Facebook. Wata na'urar tausa take yi, wata jan haske take fitarwa, wata kuma 'yar tabarma ce da ake yi wa caji a ɗora ƙafa a kai. Alkawarinsu ɗaya ne, wai za su raba mai ciwon suga da raɗaɗin ƙafa. Mu matasa ne kasuwar, domin mu ke riƙe da waya, mu ne kuma ke jin Baba ko Inna suna cewa tafin ƙafarsu kamar an zuba barkono.

Ciwon na gaske ne. Idan suga ya daɗe yana hawa a jini yakan lalata jijiyoyi, kuma mafi tsawo ke fara taɓuwa, shi ya sa abin ke tasowa daga yatsun ƙafa ya hauro sama. Ya fi tsananta da dare. Wanda ya ga mahaifinsa a wannan hali ba zai ji ƙyashin kuɗi ba. Amma ni a ganina, kada ka tura ko sisi sai ka san an yi wa na'urar gwajin asibiti, kuma da me aka gwada ta.

Raɗaɗi ba shi da ma'auni irin na batirin waya. Tambayar mutum ake yi ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. Wanda ya sa rai zai samu sauƙi kuwa sau da yawa yakan ji sauƙin na ɗan lokaci, ko da abin da aka ba shi fanko ne. Saboda haka masu bincike ke raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su samu na'urar gaske, wasu ta bogi mai kama da ita sak, ba tare da sun sani ba. Taurari biyar da ke ƙarƙashin talla ba su bi ta wannan matatar ba.

An taɓa yi wa jan hasken nan irin wannan gwaji. A 2008 mujallar Diabetes Care ta wallafa binciken da aka yi a Amurka kan na'urar Anodyne, inda mutane suka yi kwana 90 suna amfani da ita a gida. Ba ta fi ta bogi dawo da ji a ƙafa ba.

Magungunan sha fa? Gwajin OPTION-DM da Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield ya jagoranta a Birtaniya, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2022, ya kwatanta amitriptyline da pregabalin da duloxetine. Dukkan hanyoyin uku sun yi kunnen doki: raɗaɗi ya sauko daga kusan 6.6 zuwa 3.3 cikin mako 16, kuma waɗanda magani ɗaya bai ishe su ba sun ƙara samun sauƙi da aka haɗa musu biyu. Lura da lambar nan da kyau. Ƙwararrun likitoci, da sa ido na watanni, rabi suka iya ragewa. Sai ga mai talla yana rantsuwa tabarmarsa za ta warkar cikin sati. Wannan kuma ba izini ba ne na zuwa kemis a sayo, domin magungunan suna sa jiri da barci, pregabalin ma yana iya kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Aikin likita ne.

Ba wai fasaha ba ta da abin faɗa ba. Akwai na'urar kamfanin Nevro da ake dasawa a jiki, tana aika lantarki zuwa lakar baya. A gwajinta na mutum 216 da aka wallafa a 2021, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa sun samu raguwar raɗaɗi da aƙalla rabi bayan wata uku, a ɗaya rukunin kuwa kashi 5 kacal. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a shekarar. Sai dai kamfanin ne ya ɗauki nauyin gwajin, kuma kowa ya san rukunin da yake ciki tunda babu ta bogi. Tiyata ce kuma, ba kayan da ɗan aike zai kawo maka a kwali ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na'urori masu ɗumama ƙafa. Jijiyar da ke zugi ita ce kuma ta daina kai saƙon zafi yadda ya kamata. Dattijo zai iya ƙonewa bai sani ba, ƙunar ta zama gyambo, gyambon mai suga kuwa shi ke kai mutane ga yanke ƙafa. Haka ruwan zafi da kaskon wuta suke a lokacin hunturu.

Binciken bai cin data. Shiga ClinicalTrials.gov ka rubuta sunan na'urar. Gwajin da aka yi wa rajista a can yana da lamba mai farawa da NCT. Duba mutum nawa aka gwada, wa ya biya kuɗin, ko akwai rukunin bogi. Idan ka ga "FDA registered" a jikin kwali, rajista kawai ake nufi, hukumar da kanta ta ce hakan ba amincewa ba ne.

Wayar da ke hannunka ma tana da aikin da za ta yi a daren yau. Kunna tocila ka duba tafin ƙafar Baba da tsakanin yatsunsa, inda shi ba ya iya gani. Ka ɗauki hoto domin kwatantawa gobe. In ka ga tsagewa, bororo, kumburi ko wurin da ya sauya launi, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.