Maki Ba Sadaka Ba Ne

Akwai wani hali wanda ya yi yawa a cikin jama'a, har mutanen kirki sun fara ɗaukarsa tamkar zumunci. Yaro yana jami'a, sai a ji ya faɗi jarrabawa, ko kuwa an kama shi da 'yar takarda a cikin hula. Maimakon uban ya tuhumi ɗansa, sai ya sa babbar riga, ya nemi wani dattijo mai faɗa a ji, su tafi gidan malamin bayan sallar isha'i, wai sun zo a taimaka wa yaro. In malamin ya ƙi, kafin gari ya waye ya zama mugu, ba ya son 'ya'yan talakawa su ci gaba. To, wannan magana ƙarya ce, ko daga bakin wa ta fito.

Ga yadda awon yake. A yawancin jami'o'in Nijeriya kowane darasi maki 100 ne. Akan ware 30 ko 40 domin ayyukan da ake yi a cikin zango, watau jinga da ƙananan gwaje-gwaje, sauran kuwa na babbar jarrabawa ne. Wanda ya sami 70 ko fiye ya ci A, wanda ya kasa kaiwa 40 ya faɗi, sai ya maimaita darasin. Ana kuma so ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na karatun aji kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Duk wannan a rubuce yake, ba a ɓoye wa kowa ba.

Mudu ke nan. Kowa kuwa ya san sunan da ake kiran mai awon da ke da mudu biyu, ɗaya na baƙi, ɗaya na 'yan gari. Malamin da ya ɗaga ɗan wani babba daga 37 zuwa 40 don an zo masa gida, ina zai kai marayan da ya sami 39, wanda ba shi da mai sa masa babbar riga? Ashe ɗan talakan da ake fakewa da sunansa shi ake cuta. Ba shi da hanya, ba shi da dattijo, abin da ya mallaka kaɗai shi ne a auna shi da mudun da aka auna kowa.

Haka zancen jinga. Malam ya sa rana, ɗalibai ɗari sun hana idonsu barci sun kawo, sai ɗaya ya ɓullo bayan mako guda, bayan ya leƙa na abokansa, yana so a karɓa ba ragi. Mai ciwo da wanda aka yi wa rasuwa suna da uzuri, sai su kawo shaida a saurare su. Amma wanda ya zauna fafe gora ranar tafiya, makin da aka rage masa shi ya rage wa kansa.

Satar amsa kuwa ta fi duka muni, kuma ba yau ta fara ba. A 1977 tambayoyin jarrabawar gama sakandare suka fita kasuwa tun kafin ranarsu, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi doka ta ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi, a 1999 aka sake wata dokar mai sauƙin horo. Duk da haka abin bai mutu ba, don doka ba ta kashe laifin da iyaye ke biya wa kuɗi. Yaron da aka saya wa amsa a sakandare shi ne ya iso jami'a, ya bar takardar hula ya koma wayar hannu, yana kwaso rubutun wani daga intanet ya sa sunansa a kai. In kwamitin ladabtarwa ya dakatar da shi, ko aka kore shi, sai gida ya ɗauki kuka. Amma da an ƙyale shi, gobe shi ne zai rubuta wa maras lafiya magani, shi ne zai auna ƙarfen gadar da motar kasuwa za ta bi. Uban da ya je roƙo yana iya zama a cikin motar nan.

Kada malamai su ce an wanke su. Wanda ke rage wa ɗalibi maki don ya makara kwana biyu, alhali shi yana riƙe takardun jarrabawa wata da watanni bai duba ba, da wane baki zai yi faɗa? Akwai masu tilasta sayen 'yan takardun da suka buga, wanda bai saya ba ya san makomarsa. Akwai kuma waɗanda suka fi wannan ƙazanta, irin waɗanda BBC ta tona a 2019, malaman jami'a a Nijeriya da Gana masu neman 'yan matan da aka ba su amana. Irin waɗannan kora ita ce daidai da su, a kuma kai su gaban alƙali. In dai uba zai sa babbar riga ya tafi jami'a, to, a kan wannan ya kamata ya tafi, da rana tsaka, ya shiga ofishin shugaban sashe ya nemi a fito da takardar ɗansa a sake dubawa bisa ƙa'ida.