SHARHI: Maboneng ta farfaɗo, amma wa ke iya zama a cikinta?

A gabashin tsakiyar birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu akwai wasu 'yan layuka da, shekaru ashirin da suka wuce, ba kowa ke yarda ya bi ta cikinsu da dare ba. Rumbunan ajiyar kaya ne da ƙananan masana'antu da aka yi watsi da su sa'ad da manyan kamfanoni suka kwashe zuwa arewacin birnin. Ita kanta kasuwar hannun jari ta koma Sandton a 2000. Yau ana kiran wurin Maboneng, wato "wurin haske" a harshen Sesotho.

Wani matashin ɗan kasuwa, Jonathan Liebmann, shi ne ya soma aikin ta hannun kamfaninsa, Propertuity. A 2009 ya buɗe Arts on Main a cikin wani tsohon rumbu, masu zane da masu buga littattafai suka kama ɗakuna, har fitaccen mai zane William Kentridge ya kafa ɗakin aikinsa a can. Daga nan kamfanin ya riƙa sayen gine-gine yana mayar da su gidajen bene na zamani da ake sayarwa sashe-sashe. Gidajen abinci suka biyo baya, da gidan silima, da kasuwar ranar Lahadi. A birnin da wariyar launin fata ta raba unguwanninsa, ganin baƙi da farare suna zaune a layi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma dole a yaba wa aikin ta wannan fuska.

Sai dai kwanciyar hankalin da mazauna suka samu saye suka yi. Masu gadi da masu shara na kuɗi ne ke kula da layukan, ba hukumar birni ba. Iyakar inda mai gadi ya tsaya, nan unguwar ta ƙare. Ƙetaren titi kuwa Jeppestown ce, inda ma'aikata 'yan ci-rani da masu talla ke cunkushe a tsofaffin gine-gine. A 2015 mazaunanta suka fito zanga-zanga kan korar da ake yi wa mutane daga gidaje, suna ganin tashin darajar filaye ne ya jawo masu.

Doka tana tare da su a takarda. A 2011, a shari'ar Blue Moonlight, Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa wajibi ne hukumar birni ta samar da masauki na wucin gadi ga talakawan da aka kora, ko da mai ginin ɗan kasuwa ne. Hukumar ta sha cewa ba ta da isassun wuraren.

Masu kuɗin ma ba su tsira ba. Propertuity ya durƙushe a 2018, aka yi gwanjon gine-ginensa a shekarar da ta biyo. Wanda ya sayi gida saboda ya amince da tsarin kamfani guda ya wayi gari unguwar tana hannun masu mallaka barkatai, kowa da lissafinsa. Maboneng ba ta mutu ba, har ma an buɗe Jewel City kusa da ita a tsohuwar cibiyar cinikin lu'ulu'u, amma an ga yadda unguwa sukutum za ta iya rataya a kan bashin kamfani ɗaya.

Ranar 31 ga Agusta, 2023, gobara ta kashe mutum 76 a ginin Usindiso da ke Marshalltown, ba da nisa ba. Ginin mallakar hukumar birni ne, kuma kwamitin bincike ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Sisi Khampepe ya ɗora wa hukumar alhakin sakaci. Waɗanda suka mutu irin mutanen da ke neman zama kusa da wurin aiki ne, ba su da abin biyan haya a gidajen da aka gyara.

Tun 2019 birnin ya amince da ƙa'idar da ta tilasta wa mai gina gidaje 20 ko fiye ya ware kashi 30 cikin ɗari ga masu ƙaramin ƙarfi. Ƙa'idar ta shafi sababbin ayyuka ne kawai, alhali an riga an gyara yawancin rumbunan Maboneng an sayar kafin ta fito.