Tari Ya Kwana Goma Sha Huɗu, A Kawo Kaki

Jama'a, hunturu ya kama, tari ya yi yawa a gidaje. Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, na yi aiki a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Ko'ina na je, da an fara tari sai a aika yaro kemis ya sayo kwalba. A ganina, wanda ya ƙidaya kwanakin tarinsa ya fi wanda ya sayi kwalba uku.

Tarin mura da na ƙura kan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Ruwan ɗumi da zuma sun isa, ba sai an yi allura ko an sha kafso ba. Amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

To, tarin da ya kai kwana 14 shi ne abin tsoro, balle in akwai rama, da zazzaɓi, da gumin dare, ko jini a cikin kaki. Bara wani manomin rake ya zo mini daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Wata uku yana tari, ya shanye kwalabe, har wanzami ya cire masa beli, bai ji sauƙi ba. Da aka auna kakinsa sai ga tarin fuka. Kafin nan kuwa ƙaramar 'yarsa da su ke kwana ɗaki ɗaya ta riga ta kamu.

Tarin fuka ba sammu ba ne, ba kuma gado ba ne. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano a 1882, iska ke ɗaukarta daga bakin mai tari. Wani zai ce asibiti da nisa, ga aikin gona, ga rashin kuɗi. Gaskiya ne, da nisa. Amma awon kaki da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma asarar yini ɗaya ba ta kai asarar damina ba. Wata shida a ke shan maganin. Wanda ya bari don ya ji sauƙi, ciwon kan dawo da taurin kai, har ya kai shi babban asibitin tarin fuka na Saye, a Zariya.

Yara kuwa ba a jira musu kwana 14. Uwa ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ciwon huhu ne, a kawo shi ran nan.

Mai gida, ranar da aka fara tari a gidanka ka ja layi a bango, kullum ka ƙara ɗaya. In layi ya cika 14, ka kawo mai tarin da kanka. Allah ya ba mu lafiya, amin.