Tuƙin jirgin sama: lasisi daban, samun kujera daban

Koyon tuƙin jirgin sama a ɗakin likita yake farawa. Kafin wata makaranta ta ɗauki ɗalibin da ke son ya mai da tuƙi sana'a, sai likitan da hukuma ta amince da shi ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa, ya auna hawan jini da suga, ya kuma gwada ko yana rarrabe ja da kore. Tabarau ba ya hana mutum tuƙi, muddin yana gyara masa gani yadda ake bukata. Rashin rarrabe launi kuwa yakan tare hanya, domin fitilun titin jirgi da na'urorin ɗakin tuƙi da launi suke magana. Wannan takardar lafiya ba ta dindindin ba ce. Duk shekara ake sabunta ta, idan shekaru suka kai 60 kuma a koma duk wata shida. Iyayen da ke shirin sayar da gona ko fili don ɗansu ya zama matuƙi, ya kamata su fara biyan kuɗin wannan gwaji tukuna, don shi ne mafi araha a duk tafiyar, kuma shi kaɗai ya isa ya rufe maganar.

A Najeriya, uwar makarantun ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO. Nan Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ta zama mace ta farko 'yar Najeriya da ta tuƙa jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci kwalejin. Akwai wata kwalejin a Ilori, sannan masu hali kan tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu ko Amurka ko Jodan. Ko'ina aka je, ma'aunin kusan ɗaya ne, saboda ICAO ce ke shata mafi ƙarancin sharuɗɗa, hukumar kowace ƙasa ta ɗora nata a kai. A nan gida hukumar NCAA ce mai ba da lasisi, kuma wanda ya karo nasa a waje sai ya zo ta tantance shi.

Watannin farko na zaman aji ne: dokokin sararin sama, ilimin yanayi, lissafin hanya da na mai, yadda inji ke aiki, yadda ake rarraba nauyi a cikin jirgi, da iyakar abin da jikin ɗan Adam ke iya ɗauka a can sama. Sai Turanci, wanda shi ne harshen rediyo tsakanin matuƙi da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. ICAO ta raba ƙwarewa a cikinsa hawa shida, ta ce dole matuƙi ya kai hawa na huɗu. Dalilin tsaurin sananne ne. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar abin da aka faɗa a rediyo yana cikin manyan musabbabai.

Jirgin koyo ƙarami ne, mai inji ɗaya da kujera biyu ko huɗu, irin su Cessna 172 ko Diamond DA40. Ɗalibi yana hagu, malami yana dama, kowa da nasa abin riƙo. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne tashi ba wuya. A ba inji wuta, a riƙe tsakiyar titi da ƙafa, gudu ya kai, a ɗan ja sitiyari baya, jirgi ya rabu da ƙasa da kansa. Sauka ce ke cin rai. Dole gudu da tsayi da saitin titi su zo daidai a lokaci guda, sannan 'yan taku kaɗan daga ƙasa a rage wuta, a ɗaga hancin jirgin a hankali har tayoyin baya su taɓa. Wanda ya ɗaga da wuri sai jirgin ya faɗo da ƙarfi. Wanda ya makara sai tayar gaba ta riga sauka, jirgin ya yi ta tsalle. Shi ya sa ake kwashe kwanaki ana kewaya fili: a tashi, a zagayo, a taɓa titi, a sake tashi, malami yana ta nanata abu ɗaya. Ana kuma hawa sama a rage gudu da gangan har fiffike ya daina ɗaukar jirgin, ƙararrawa ta kama ihu, hanci ya sunkuya. Ran mutum yana gaya masa ya ja baya, amma maganin shi ne ya tura gaba, ya ƙara wuta. Wata rana, galibi bayan awa goma sha zuwa ashirin da 'yan kai, malami zai sauka ya rufe ƙofa, ya ce ɗalibi ya zagayo shi kaɗai.

Daga nan awoyi ake ƙirgawa, kuma kowace awa tana shiga littafi da sa hannu. A ma'aunin ICAO, lasisin tuƙi na kashin kai yana bukatar awa 40 da shekara 17. Na kasuwanci, wanda da shi ake iya karɓar albashi, awa 200 ne, ko 150 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi, da shekara 18. Na ƙoli, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, awa 1,500 ne da shekara 21. A tsakani akwai shaidar tuƙa mai inji biyu, da shaidar tuƙi da na'ura zalla. Wannan ta ƙarshe ita ce ke raba ɗan koyo da ma'aikaci. A cikin gajimare, inda ba a ganin ƙasa ba a ganin sama, abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum ko a miƙe yake yakan yi ƙarya: jirgi yana karkace, jiki ya rantse daidai yake tafiya. Ana rufe wa ɗalibi ganin waje, a tilasta masa ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allo.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Matashi ya fito da awa 200 da lasisin kasuwanci, dangi sun yi walima, an ɗauki hoto da farar riga mai igiya a kafaɗa. Amma lasisin bai ba shi damar taɓa Boeing 737 ko Embraer ko Airbus ba. Kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horon na makonni, a aji da cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, kuɗinsa dubban daloli ne, kuma sau da yawa sai an fita waje. Kamfani kuwa ya fi son wanda ya riga ya tara ɗaruruwan awoyi a samfurin da yake da shi, don shi ne zai fara kawo kuɗi gobe, kuma masu inshora ma sun fi natsuwa da shi. Ba a ba ka aiki sai da awoyi, ba ka samun awoyi sai da aiki. Lasisi kuma ba ya jira. Shaidar tuƙi da na'ura tana ƙarewa idan ba a sabunta ba, ta lafiya ma haka, hannu kuma yana sanyi. Mai zaman gida yana kashe kuɗi ne kawai don kada abin da ya riga ya biya ya rube.

A da, kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, shi ke ɗaukar matasa ya biya musu karatu, ya horar da su a kan jiragensa, ya zaunar da su kusa da tsofaffin hannu. Tun da ya durƙushe a 2003 babu wanda ya gaji wannan aiki gaba ɗayansa. Gwamnatocin jihohi sun gwada cike gurbin, fitacce a ciki shi ne matasa 100 da Kano ta tura Jodan a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Niyyar mai kyau ce, karatun ma an yi, sai dai da yawansu sun daɗe suna neman inda za su zauna bayan sun dawo. Darasin a fili yake: gwamnatin da za ta ɗauki nauyin matuƙa, ta fara zama da kamfanonin da za su ɗauke su tun kafin a sayi tikiti, ta san samfurin jirgin da suke tuƙawa, ta sa kuɗin horon samfurin a cikin kasafi. Gara a kai mutum ashirin har kujera da a kai ɗari bakin ƙofa. Kano da Katsina ba su rasa kamfanonin jirage na 'yan gida ba, tun daga Kabo Air a da zuwa Max Air da Azman, don haka akwai wanda za a yi maganar da shi.

Wanda Allah ya buɗa wa ya samu aiki, kujerar dama zai zauna a matsayin mataimaki. Aikin yana farawa kamar awa guda ko fiye kafin tashi. Ana karanta rahoton yanayi na inda za a tashi, da inda za a sauka, da filin da za a karkata idan an kasa sauka. Ana duba sanarwar ko an rufe wani titi ko wata na'urar fili ta lalace, da littafin da injiniyoyi ke rubuta lahanin jirgin. Sai lissafin mai: na tafiya, na karkata, na jira a sama, da na ajiya wanda doka ta hana a taɓa sai da larura. Ɗaya daga cikin matuƙan zai sauka ya zagaya jirgin da ƙafa, yana duba tayoyi da bakin inji da ko wani abu na ɗiga. Zafi ma yana shiga lissafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji da fiffike ba sa samun abin da suke so, saboda haka jirgin da zai tashi daga Sakkwato ko Maiduguri da tsakar ranar Afrilu yana bukatar titi mai tsawo, wani lokaci ma a rage masa kaya. Daga wannan lissafi ake fitar da wani gudu da ake kira V1. Kafin a kai shi, idan inji ya mutu, birki ake takawa. Bayan an wuce shi, ko inji ɗaya ya rage tashi ake yi, don ragowar titin ba zai isa tsayawa ba. An yanke wannan hukunci tun ana ƙasa, domin a lokacin babu sararin shawara.

Fasinjoji kan ce ai na'ura ce ke tuƙi, su matuƙan zama kawai suke yi. Gaskiya ne na'ura ce ke riƙe jirgi a mafi yawan tafiyar, amma abin da aka gaya mata take yi, kuma idan ta rikice sakin jirgin take yi ta bar wa mutum. A 2009 jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, na'urar ta saki, matuƙin da ke riƙe da jirgin ya yi ta ja baya har fiffike ya daina ɗauka, ba su gane halin da suke ciki ba sai da lokaci ya ƙure. Darasin nan ne na ƙaramin jirgin koyo.

Akwai wani ɓangaren aikin da ya fi yi wa ɗan ƙasar Hausa nauyi. A ɗakin tuƙi ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana sa masa ido, kuma suna musanya daga zango zuwa zango. Mai sa ido, ko da yaro ne ɗan shekara 24 kusa da kyaftin sa'an mahaifinsa, wajibi ne ya faɗa da babbar murya idan gudu ya yi yawa ko an kauce wa saiti, ya ce a fasa saukar a sake zagayowa, idan ta kama ma ya karɓe jirgin. Binciken haɗurran shekarun 1970 ne ya nuna cewa sau da yawa mataimaki ya ga kuskuren amma ya yi shiru ko ya yi zagaye-zagaye, daga nan aka mai da wannan horo tilas. Wanda aka raina a kan cewa ba a katse babba, ba a ce masa ya yi kuskure a gaban mutane, sai ya koyi ajiye kunya a bakin ƙofa. Kyaftin nagari shi ne mai gaya wa mataimakinsa tun kafin a kunna inji cewa in ya ga wani abu ya yi magana.

Yanayin arewa yana da nasa jarrabawar. Da hunturu hazo kan rufe Kano da Maiduguri da Yola har gani ya gaza abin da doka ta yarda a sauka da shi. Da damina kuma hadari ne, mai iskar da ke juyawa farat ɗaya kusa da ƙasa. A ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin irin wannan iska, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yana cikin waɗanda suka rasu. Matuƙin da ya ce ba zai tashi ba sai hadari ya wuce yana aikinsa ne, ko da a cikin jirgin akwai babban mutum mai ɗaurin aure da ƙarfe biyu. Kamfanonin da ke fakewa da yanayi don ɓoye ƙarancin jirage sun cancanci tsinuwar fasinja, amma a bambanta su da wannan.

Sauran rayuwar jadawali ce. Tashin asuba yau, dawowar dare jibi, Sallah a otal, jigilar alhazai da ke cinye makonni. Doka ta iyakance awoyin tuƙi, a Turai alal misali awa 100 cikin kwana 28 da awa 900 a shekara, saboda gajiya tana rage kaifin hankali. Duk wata shida kuma ana komawa na'urar kwaikwayo, a kashe wa mutum inji, a kunna masa gobara, mai jarrabawa yana zaune a baya da biro. Wanda ya faɗi ba ya hawa jirgi sai ya sake horo ya ci. Ƙaura zuwa kujerar hagu takan ɗauki shekaru, gwargwadon awoyi da tsufa a kamfani da samuwar gurbi, ita ma da nata kwas da jarrabawa. A shekara 65 dokar ICAO ta tsayar da tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, kuma da yawa daga masu sauka kan koma koyarwa a aji ko a na'urar kwaikwayo, inda wannan iyaka ba ta hau kansu ba.